Zane huɗu a bangon zaure

Shekara biyu na yi a lakol, makarantar boko ta garin Buza. Ba korata aka yi ba, na sha faɗa wa jikokina haka, ko da yake malamin ya rako ni har bakin ƙofa da tsumagiya a hannu, bai kuma ce in dawo gobe ba. Abin da na fito da shi bai cika aljihu ɗaya ba: ƙirga zuwa ɗari da Faransanci, wata waƙa da har yau ban san abin da take cewa ba, sai jan layi. Jan layi kam na iya. Malamin da kansa ya taɓa ɗaga allona ya nuna wa yara, ya ce ku dubi aikin wannan jakin, kansa ba kome amma hannunsa ba ya karkacewa. Yabon da boko ya taɓa yi mini ke nan duk rayuwata, na kuwa riƙe shi kamar gonar gado.

Ƙauyenmu yana bisa dutse, gabas da Tabotaki. Rijiyarmu tana ƙasa cikin kwari, mai zurfin da in ka saki guga sai ka gama gaisawa da na kusa da kai kafin ka ji ta taɓa ruwa. Mata su gangara da tulu, su hauro da shi cike, sau biyu kafin rana ta yi zafi, sau ɗaya da la'asar. Inna ta yi wannan hawa da gangara tun kafin a yi mata aure. A tsakiyar kanta akwai wani fili kamar tafin hannu inda gashi ya daina fita, wurin zaman gammo. Ina yaro nakan lallaɓa in shafa wurin in ta kishingiɗa, in ce Inna kanki ya yi masussuka, ta kai mini duka ta rasa.

Mutanen gidan ubanta su ne masu kula da rijiyar tun zamanin da ba su kama salla ba. Ita ta kama, ba ta kuma wasa da ita, amma akwai abubuwan gidansu da ba ta saki ba. Ba a zagi a bakin rijiya. Ba a hana baƙo guga. Ruwa kuwa ba a sayar da shi. Wanda ya karɓi kuɗin ruwa, in ji ta, rijiyar garinsu ce za ta biya.

Babanmu ya rasu shekarar babban fari na farko. Maza biyu muka rage mata: Yaya, manomi, mutumin da ba ya dariya sai an gama girbi, da ni auta. Na bi ƴan bida, masu fita neman kuɗi, zuwa Abijan kamar kowane saurayin Adar mai ƙafa biyu. Na yi dako, na yi gadi, daga baya na sayar da agoguna, irin waɗanda ke tafiya daidai har mai saye ya shiga mota. Allah ya yafe mini. Bayan shekara shida na dawo da ɗan abin da ya sayi fili a Madawa. Na gina ɗaki uku da zaure, na ɗauko matata, na kama harkar albasa: in tsaya tsakanin masu lambu da masu kamyo, manyan motocin da ke lodi zuwa kudu, in ɗinke buhu, in yi surutu, a ba ni la'ada. Surutun shi ne jarina.

Ɗaki na uku na Inna ne tun ba a buga tubalinsa ba.

Da aka gama girbi na hau ƙauye na sami Yaya a gindin rumbu yana gyaran igiya.

"Yaya, na zo in tahi da Inna. Ta gama ɗaukar tulu."

Bai ɗaga kai ba. "Auta, ka san birni?"

"Ni da na ci Abijan, Madawa za ta gagare ni?"

"Abijan kai ɗaya ka ci ta, kana kwana bisa kwali. Gida daban ne. Can ko tari ka yi sai ka biya. Nawa gidanka shike ci wata guda, ban da hatsi?"

Abin nema ya samu. Na share ƙasa da tafin hannu, na ɗauki kara, na ja layuka masu kyau, don ya san wanda ya shiga lakol a gidan nan. Ruwa, garwa huɗu kullum, kowace dala biyu, wato sefa goma. Itace, kayan jaki huɗu. Kananzir, litir uku. Pil, wato batirin rediyo, guda huɗu, da ashana, da sabulu. Na haɗa da Faransanci da ƙarfi, na kasa, na koma na haɗa da Hausa a hankali, ya tashi jikka uku da ƴan kai.

Yaya ya dubi ƙasa ya daɗe. Ya ce, "Wanga na ku biyu ne. In an ƙara tsohuwa hwa?"

"Tsohuwa mi za ta ci?"

"Ba ka sani ba ke nan. Wanda bai san nauyin kaya ba, ba a aza mashi." Ya ja igiyar da haƙori ya ɗaure. "Tahi da ita. Kahin ruwan shibka zan sauko. In na iske kana riƙe da ita ba bashi, ka kuma san abin da take ci maka, ta zauna. In na iske kana kame-kame, in maido uwata gida. Ba ni bari a ce ta zama kaya."

Na ce na yarda. Inna tana bayan danga tana tsince wake a faifai. Mun ɗauka kunnenta ya yi nauyi. Kowa a gidan haka ya ɗauka, ita kuwa ba ta taɓa gyara wa kowa ba.

Matsala ta farko da na hango tun muna kan hanya ita ce ɗan garuwa. Wanda ke kawo mana ruwa wani dogon dattijo ne daga wajen Keita, fari ya cinye masa dabbobi ya sauko gari ya saɓa sanda da garwa biyu. Ya ɗebo a famfon unguwa, ya juye a randa, ya ɗauki gawayi ya yi zane ɗaya a bangon zaure kan kowace garwa. Wata ya ƙare a ƙirga, a biya shi, ya shafe da hannu. Haka ake yi a duk gidajen layinmu. Na san in Inna ta ji ruwan da take sha na saye ne, ba zai wuce mata ba. Sai na tare shi a waje.

"Baba, in tsohuwa ta tambaya, ka ce zumunci ne tsakaninmu, ba ka amsar komi."

Ya sauke sandar ya dube ni daga sama. "Ni ba ni ƙarya. Amma in ba a tambaye ni ba, ba ni magana."

Na ce hakan ma ya isa, ƙaryar ni zan yi, na saba. Na gaya wa Inna ruwan gwamnati ne, kyauta, dattijon kuwa abokina ne mai son lada. Ta sa masa albarka har ya rasa inda zai sa fuskarsa. Na saya mata ƙaramar randa mai cin garwa ɗaya, na girke a ƙofar ɗakinta, don uwar miji ba ta shiga randar suruka. A ciki take sha, take alwala, take wanka da ƴar wankinta.

Madawa ta karɓe ta. Wannan ban zata ba. Ta so burodi, tana tsoma shi a shayi tana cewa abincin marasa haƙori ne, Nasara ma sun san tsufa. Ta so rediyo, ko da yake tana amsa masa sallama kuma tana jin haushi in bai saurari amsar ba. Da hantsi ta ja tabarma zaure tana kallon kamyo na wucewa, tana tambaya ta ina duk albasar nan take zuwa, su mutanen kudu ba su da wani abin miya ne. Wuyanta ya daina ciwo. Wata rana matata tana yi mata kitso sai ta ƙwala mini kira, na zo a guje na ɗauka kunama ce. Ta nuna mini tsakiyar kan Inna. Masussukar nan ta fara tsiro, wani farin gashi laushi kamar na jariri.

"Inna, gonarki ta yi yabanya!"

"Tahi can, marar kunya," in ji ta, tana shafa wurin da kanta, tana murmushi.

Da na tsaya nan, da labarin bai kai a rubuta ba. Amma sanyi ya fara ja baya, na tuna Yaya zai sauko, kuma zai ce nawa tsohuwa take ci. Ni kuwa ba na son in ce wajen kaza. Ina son in nuna masa a rubuce, ya tsaya gaban ilimi ya yi shiru. Itace da kananzir ba su raba kai, tukunya ɗaya ce, fitilar ɗakinta kuwa na ɗaura zare a kwalbar da nake zuba mata na gane abin da take ci. Ruwa ne babba, shi ne kuma mai sauƙin rabawa tunda randarta daban.

Na shafe bangon zaure da sabuwar ƙasa, na bari ya bushe. Na ja layi uku dogaye, miƙaƙƙu, da malamin nan ya gani da ya sake ɗaga ni. Na ce wa ɗan garuwa daga yau kowace randa da layinta, kuma ko an biya kada ya shafe, shaida nake tarawa. Da yake shi ma bai iya karatu ba, na yi wa kowane layi alama a kansa. Na girki, tukunya bisa murhu. Na bayan gida, bokiti. Na Inna kuwa, shaiɗan ya riƙe mini gawayin: na zana tsohuwa a duƙe da sanda, da ƙaton kallabi, da haƙori ɗaya tak ya leƙo waje, kamar dai nata.

Matata ta fito ta gani, ta rufe baki, sannan ta daina dariyar. "Maigida, shahe wanga. Ba a ƙirga ma uwa."

"Ba ƙirga ba ne, lissahi ne."

"Mi ya raba su?"

"Lakol," na ce.

Washegari Inna ta ja tabarmarta zaure, ta tsaya gaban bangon ta ƙanƙance ido.

"Auta, wagga ni ce?"

"Ke ce, Inna. Hoto na yi maki, awa matar gwamna."

Ta yi dariya har ta dafa bango, har hawaye. Ta ce haƙorin ya fi nata tsawo. Ta kira maƙwabciya ta zo ta gani, tana cewa ɗana ne ya yi, ɗan lakol ne. Sannan ta nuna zane biyun da ke gaban hoton ta ce waɗannan fa? Na ce kwanakin da take yi mana ne muke rubutawa don albarka. Ta ce to.

Abin da ya biyo baya sai daga baya ɗan garuwa ya gaya mini. Kwana biyu ta zauna tana lura da shi. Ta ga ba kullum yake zane a gabanta ba, sai ranar da ya cika randarta. A rana ta uku ta ce, bawan Allah, tsakaninka da Allah, wannan zanen na mene ne? An tambaye shi ke nan. Ya ce kowane ɗaya dala biyu ne, Inna, ɗanki ke biya in wata ya ƙare. Ta ce, layin nan shi za a nuna wa babban ɗana? Ya ce haka ya ji. Ni kuwa ba ta gaya mini ta gane ba.

Watan farko layinta ya tashi zane ashirin da biyu. Na ja layi a ƙasa na fara sabo. Wata na biyu zafi ya shigo, layin girki da na bayan gida suka yi ta tsawo har suna neman kusurwa, nata ya tsaya a sha ɗaya. Ɗan garuwa ya zo da ruwa ta ɗora hannu a kan faifan da ta rufe randar ta ce da saura, gobe. Gobe ta ce jibi.

Ni kuwa, jakin malam, murna na yi. Nakan tsaya gaban bangon da safe hannu a baya kamar mai duba gona. A tashar albasa har alfahari nake yi: ku da kuke tsoron ɗauko iyayenku, tsohuwa ba ta cin kome, tawa ruwanta na wata bai kai kuɗin goron da nake ci ba. Na ga ta fara azumin Litinin da Alhamis, sannan ta haɗa da wasu kwanakin, na ce birni ya ƙara mata ibada. Na ga wani farin dutse sumul a gefen buzun sallarta, na ɗauka na danne tabarma ne. Na taimama ne. Zaren kwalbar kananzir ya daina sauka, na ce tsofaffi da kaji lokacin kwanansu ɗaya. Kowane abu na gani, kowane kuma na samo masa fassara mai daɗi.

Matata ta yi magana sau biyu. Na farko muna cin tuwo.

"Tsohuwa ba ta shan ruwa."

"Ɗiyar dutse ce, raƙuma ce. Mu mutanen Adar da raɓa muke rayuwa."

Na biyu ta tare ni a ƙofa zan fita. Ta ce ta ɗebi ruwa a randar girki ta ƙara a ta Inna a ɓoye, Inna ta gane, don akwai tsinken da take aunawa da shi. Ta kwashe abin da aka ƙara da moɗa ta mayar, ta ce kada a ɓata wa ɗanta lissafi.

Na ji wannan da kunnena. Na yi dariya na ce kin gani, ita ma ta san darajar ilimi. Kamyo yana jirana, na wuce.

Wata na uku shi ne tsakiyar bazara, lokacin da ƙadangare ke gudu a kan ƙasa yana ɗaga ƙafa. Inna ta daina fitowa zaure. Ta ce hasken rana ke damun idonta. Muryarta ta koma can ciki. In na leƙa na gaishe ta sai ta ja mayafi ta rufe baki ta amsa, na ɗauka sabon salon kunya ne. Da watan ya ƙare na ƙirga layinta, ƙirgar ba ta da wuya. Zane huɗu.

Yaya ya sauko ranar kasuwa, gajimare ya fara taruwa gabas. Ko ruwa ban bari ya sha ba. Na riƙe hannunsa na tsayar da shi gaban bangon, na ɗauki kara kamar malami. Ga itace, ga kananzir, ga pil. Ga ruwan girki, ga na wanka. Ga kuma na tsohuwa: ashirin da biyu, sha ɗaya, huɗu. Dala takwas a wata. Ba bashin kowa a kaina. Na ja da baya ina jira ya yi shirun da na daɗe ina jira.

Ya yi shirun. Ya matsa kusa da bangon, ya sa yatsa a kan zane huɗun ɗaya bayan ɗaya.

"Wanga garwa huɗu ne?"

"Huɗu cur."

"Wata guda? Cikin wanga zahi?"

"Ka ga iya riƙo."

"Randa da kanta tana tsotse rabi, Auta." Ya juyo. "Akuyata ta hi haka sha."

Ya ture ni ya shiga ciki. Na bi shi na tsaya a ƙofar ɗakin. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya janye mayafin daga bakinta a hankali. Leɓɓanta sun tsage kamar ƙasan tabki. Ya kama fatar bayan hannunta ya ɗaga ya saki, fatar ta tsaya a tsaye ba ta koma ba. Ya fito ya buɗe randar, ya ga tsinken, ya ga ɗan ruwan da ke can ƙasa. Mutumin da bai taɓa taka ƙofar lakol ba ya karanta bangona kafin a tauna goro, ni da na rubuta shi wata uku ina kallo.

Na so ya mare ni. Bai yi ba. Ya ce, "Nemo amalanke, mu kai ta likita."

Kafin in fita na ɗauki moɗa na kamfato ruwa a randar girki na nufi zaure, zan watsa wa bangon in wanke shi. Yaya ya riga ya fito da ita ya jingina ta a bakin zauren. Ta ɗaga hannu.

"Kada ka zubar, Auta. An biya shi."

Na tsaya da moɗa a hannu. Na durƙusa na miƙa mata. Ta kurɓa sau biyu don kada in ji kunya gaban wana, ta miƙo mini sauran.

A gidan likita aka ce jikinta ya bushe, ƙodarta ta wahala, aka rataya kwalba aka sa mata ƙarin ruwa a jijiya. Tana kwance tana kallon ɗigon yana sauka. Can ta juyo.

"Wanga kuma nawa?"

"Kyauta ne, Inna. Na gwamnati ne."

"Haka ka ce ma wancan."

Kwalbar farko kyauta ce da gaske. Karo ɗaya da na faɗa mata gaskiya a kan ruwa, shi ne ba ta yarda ba.

Kwana biyar muka yi. Da aka sallame ta ban yi gardama da Yaya ba, ba ni da bakin yi. Na ce dai zan biya ɗan garuwa a ɓoye, zan rushe bangon, zan haƙa rijiya a tsakar gida in ya so. Ya ce, "Ko ka haƙa gulbi, in ta kai moɗa baki zanen za ta gani." Muka shiga motar Buza, daga can wata zuwa Tabotaki, daga nan amalanken shanu. Matata ta biyo mu, ta ce ita za ta yi jinya.

Da muka iso kwari, kafin a fara hawan dutse, Inna ta ce a tsaya. La'asar ce, mata suna bakin rijiya. Suka gane ta, suka yo kanta da barka da zuwa, ƴar birni ta dawo, ina tsarabarmu. Wata ta ja guga ta juye a ƙwarya ta kawo. Ruwan ja-ja ne, da ɗan ciyayi a sama. Inna ta hure, ta kafa kai. Ina kallon maƙogwaronta yana hawa yana sauka, sai na kama kaina ina ƙirgawa. Na kai sha huɗu kafin na ciji harshena. Ta shanye, ta miƙa a ƙara.

Yaya ya tafi ya shayar da shanun, matan suka koma ga gugansu, matata ta bi su. Muka rage ni da ita a kan amalanke. Ta goge baki da gefen mayafi, ta matso da murya ƙasa-ƙasa, kamar mu biyu muka ƙulla wani abu.

"Auta, lissahin ya hito?"

Ban gane ba. Na ce wane?

"Wanda za ka gwada ma yayanka. Na ji ku ranar, ina tsintar wake. Ya ce in na yi maka nauyi shi maido ni." Ta numfasa. "Na rage iyakar ragewa. Wata na ukun na so in tsaya ga uku, na kasa. Ya hito?"

Na ce, "Ya hito, Inna."

"Ba bashi?"

"Ba bashi."

Ta gyaɗa kai, ta ji daɗi. Sannan ta ɗaga ido ta dubi hanyar da ta hau dutsen, hanyar da ta sani tun tana yarinya, ta daɗe tana kallo.

"To mi ya sa anka maido ni?"

Duk wata ukun nan na ɗauka in ma ta gane, fushi za ta yi, ko ƙyamar ruwan saye irin ta gidan ubanta. Ashe ta haɗiye wannan tun ranar farko. Burodinta take so, da rediyonta, da tabarmarta a zaure, da ɗan autanta marar kai. Zama take son yi, ta kuwa bi hanyar da na zana mata a bango.

Yaya ya dawo ya kama igiyar shanun, muka fara hawa.

Ta ga shuka, ta ga gero ya yi kai, ba ta ga girbi ba. Ƙafafunta suka kumbura, sannan fuskar. Ruwa kam ta sha, matan unguwa kowace ta hauro sai ta ratse ta zuba mata, amma ya zo a makare. Na hau sau uku a daminar nan. Kowane zuwa sai ta tambaye ni ko hotonta yana nan, in ce yana nan, ta ce in rage haƙorin.

Ban rage ba, ban kuma shafe ba. Ɗan garuwa ya koma yin zanensa a bayan ƙofa, bai jira na gaya masa ba. Shekaru bayan haka yara suka ja famfo har tsakar gida, takarda take zuwa kowane wata, na ce su biya kada su karanta mini. Sun so su yi wa zauren siminti, na ce su yi wa bango uku. Baƙo in ya shigo yakan ga tsohuwa mai haƙori ɗaya ya yi dariya, ya ce wane yaro ne ya yi wannan. In ce wani jaki ne, ɗan lakol.

Matata tana cikin waɗanda suka yi wa Inna wankan gawa. Bayan kwana bakwai, muna saukowa daga dutsen za mu koma Madawa, ta ce akwai abin da take son gaya mini, ba ta san ko zai yi mini daɗi ba. Da suka kwance kallabin, in ji ta, ta duba tsakiyar kan. Wurin ya rufe ruf, fari fat, har ya isa kamawa a kitso.

Ranar da na je ɗauko ta, na ce wa Yaya ta gama ɗaukar tulu. Wannan kam ban yi ƙarya ba.